Gudawa, taifod da gyambon ciki: abin yi tun daga gida har zuwa asibiti

Da zarar ciki ya murɗa wa mutum, abin da yawancinmu muka saba shi ne a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl guda huɗu da kafso ja da yalo. Idan zazzaɓi ya biyo baya sai a ce taifod ce. Idan kuwa zafin a saman cibiya yake, an gama yanke hukunci, olsa ce ta tashi. Wani sa'in a dace. Wani sa'in kuma a shafe kwana biyu ana haɗiyar abin da bai shafi cutar ba, ruwan jikin majinyaci kuwa yana ta zuba.

Cututtukan da ƙwayoyin bakteriya ke jawowa a tumbi da hanji ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai wucewa da kanta kafin gari ya waye, akwai mai kayar da ƙaton mutum cikin yini guda, akwai mai huda hanji bayan mako biyu ko uku, akwai kuma wadda ke zaune a tumbi tun mutum yana yaro har ya yi furfura. Kowacce da yadda ake tunkararta, amma aikin farko ɗaya ne ga duk mai amai ko gudawa.

Mataki na farko: a mayar da ruwan da ke fita

Kafin a san sunan cutar, kafin a nemi abin hawa, a fara ba majinyaci ruwan gishiri da sukari. Abin da ya fi kashe mai gudawa, musamman ƙaramin yaro, shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki.

Mafi kyau shi ne fakitin ORS na kemis, domin an auna komai daidai, kuma yana ɗauke da wasu sinadaran da haɗin gida ba shi da su. A karanta jikin fakitin, saboda wani na lita 1 ne, wani kuma na rabin lita. Yawancin ruwan leda rabin lita ne, don haka leda 2 sun ba da lita 1. A juye garin gaba ɗaya a cikin ruwan da aka ce, kada a raba shi da ido.

Idan dare ya yi ko babu fakitin a kusa, a haɗa na gida: lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce, cokalin shayi 6 na sukari, da rabin cokalin shayi na gishiri. A shafe bakin cokalin, kada a cika shi ya yi tozo. A ɗanɗana kafin a bayar: bai kamata gishirinsa ya fi na hawaye ba. Gishiri idan ya yi yawa yana iya sa yaro jijjiga, sukari kuma idan ya yi yawa ƙara gudawar yake yi. Wannan ne ya sa lemon kwalba da sauran abin sha masu zaƙi ba su dace da mai zawo ba. Dalilin haɗa biyun shi ne hanji yana tsotsar gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya bi bayansu zuwa cikin jini, kuma ko kwalara ba ta toshe wannan hanya. A shekarar 1971, a wani sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Indiya, ruwan ƙari ya ƙare ana tsakiyar annobar kwalara. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa 'yan uwan majinyata suna ba su wannan haɗi da kofi, sai mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wato kwata zuwa rabin kofi. Daga shekara 2 zuwa 10 a ba shi rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iya yadda ransa yake so. Ƙaramin yaro da cokali ake ba shi, cokali ɗaya kowane minti ɗaya ko biyu. Idan ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Iyaye da yawa a nan suke karaya, su ce ai ba ya zama a cikinsa. Yana zama, domin abin da ya amayar bai kai abin da ya shiga ba. Duk haɗin da ya kai awa 24 a zubar a yi sabo.

Uwa ta ci gaba da shayarwa, ta ma ƙara a kan yadda ta saba. Ina jaddada wannan saboda har yanzu akwai gidajen da ake cire yaro daga nono rana ɗaya, a ce nonon ya lalace ko yaron ya sha ciki. Nonon mai ciki ba ya sa zawo, raba yaro mai gudawa da nono kuwa hanya ce ta kai shi ga tamowa. Haka batun haƙori. Lokacin da haƙori ke fitowa shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana kai komai baki, shi ya sa zawon ke zuwa tare da shi. Zawon lokacin haƙori yana zuƙe ruwan jiki kamar kowane zawo.

Kada a hana majinyaci abinci. Koko, kunu, shinkafa mai laushi, faten dankali, ayaba, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 a haɗa musu da ƙwayar zinki: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba kuma miligiram 10. A kammala kwanakin ko da zawon ya tsaya, domin zinki yana rage tsawon ciwon, yana kuma rage dawowarsa a watanni biyu zuwa uku masu zuwa.

Mataki na biyu: a duba ko lokacin tafiya asibiti ya yi

Ana cikin ba da ruwan, a riƙa duba majinyaci. Idanu sun faɗa ciki? Maɗigar jariri ta lotsa? Baki da harshe sun bushe, yana kuka babu hawaye? A tsunkuli fatar cikinsa a saki. Idan ta ɗauki daƙiƙa 2 ko fiye kafin ta koma, ruwan jikinsa ya yi ƙasa sosai. Lotsawar maɗiga alamar rashin ruwa ce, shafa mata magani ba ya ɗago ta. A lura da fitsari kuma: yaron da ya yi awa 6 zuwa 8 bai yi ba, ko babban da fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi ja, yana bukatar taimako.

A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan majinyaci ya galabaita har ba ya iya sha, ko yana amayar da komai, ko barci yana ɗaukarsa ana tashinsa da ƙyar, ko ya yi jijjiga. Haka nan idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri ba ya son a taɓa shi. A tafi da ruwan gishiri da sukarin a gora, a ci gaba da ba shi a hanya muddin yana iya haɗiya. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki.

Wasu mutane ba a jiran alamun nan su cika a kansu: jaririn da bai kai wata 2 ba, yaro mai tamowa, mai juna biyu, tsoho, mai sikila, mai ciwon sukari ko ƙoda, da mai cuta mai karya garkuwar jiki. Zawon da ya kai kwana 3 ba sauƙi shi ma na asibiti ne, wanda ya kai mako 2 kuwa bincike na musamman yake so.

Mataki na uku: a lura da yanayin ciwon

Abin da kuka gani a gida shi ne rabin binciken likita. Yaushe ciwon ya fara, me aka ci, wa ya kamu bayan shi, yaya bayan gidan yake, sau nawa aka zaga.

Idan amai ya turnuƙe mutum cikin minti 30 zuwa awa 8 da cin abinci, kuma waɗanda suka ci tare da shi su ma suna yi, galibi guba ce da ƙwayar Staphylococcus ko Bacillus cereus ta riga ta zuba a cikin abincin. Ta farkon daga hannun mai girki take fitowa, musamman mai ƙurji ko yanka a yatsa. Ta biyun ta fi son dafaffiyar shinkafar da ta yini ko ta kwana a kula da ɗumi-ɗuminta, irin ta biki da suna. Ɗumame ba ya lalata gubar. Wannan iri yakan wuce cikin yini guda, antibayotik ba shi da aikin yi a ciki.

Idan ciwon ya zo bayan kwana ɗaya zuwa biyar, da zazzaɓi da murɗawar ciki da zawo, to akwai zargin Salmonella ko Campylobacter. Suna zuwa ta kazar da ba ta dahu ba, ɗanyen ƙwai, madarar shanun da ba a tafasa ba, ko wuƙar da aka gyara kaza da ita aka yanka kayan salak. Babba mai ƙarfin jiki yakan warke cikin mako guda da ruwa da hutu. Ga mai sikila kuwa Salmonella tana iya shiga jini har ta kama ƙashi, saboda haka shi ba a yi masa jinya a gida.

Idan ana yawan zagawa amma abin da ke fita kaɗan ne, majina da jini, ga yunƙuri mai zafi da zazzaɓi, wannan atuni ne, kuma mafi yawansa aikin ƙwayar Shigella ne. Ƙwaya 10 zuwa 100 kawai sun isa su kwantar da mutum, shi ya sa take bin gida ko makarantar kwana daga hannu zuwa hannu. Atuni yana bukatar antibayotik, amma wanda ya dace. Flagyl maganin amiba ne da wasu ƙananan halittun hanji, ba ya kashe Shigella. Akwai kuma wani nau'in E. coli mai sa zawon jini wanda ke iya taɓa ƙodar yara, kuma antibayotik yana iya ƙara wannan haɗari. Saboda haka zawon jini ba abin cankar magani ba ne a bakin kanta.

Idan kuwa zawon ruwa ne tsagwaronsa, fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, yana zuba da yawa ba tare da wani zazzaɓi ko murɗar ciki sosai ba, ga amai, jijiyoyin ƙafa suna ɗaurewa, murya tana dusashewa, a ɗauke shi a matsayin kwalara. Babba yana iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya. Tana bayyana daga awa 12 zuwa kwana 5 bayan shan gurɓataccen ruwa, ta fi tsanani da damina lokacin da ambaliya ke haɗa shadda da rijiya. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta lissafa mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin jihohin da suka fi jin jiki. A wannan shekarar ta 2021 ta shiga Maraɗi da Damagaram ma. Abin da ke ci mini rai shi ne idan aka samu ruwa a kan lokaci, waɗanda ke mutuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Jinkiri ne ke kisa, wani lokaci ma jinkirin kunya, don kada maƙwabta su ji an ce kwalara ta shiga gidan wane.

Ku sani kuma ba kowane zawo ne na bakteriya ba. A ƙananan yara, da yawansa aikin bairas ne, musamman rota, wanda antibayotik ba ya taɓawa. Nijar ta sa rigakafinsa cikin rigakafin jarirai a 2014, Najeriya kuma a 2022. Zazzaɓin cizon sauro ma yana zuwa wa yaro da amai da zawo, don haka duk yaron da ke da zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya.

Mataki na huɗu: a kiyayi maganin da ke ƙara matsala

Maganin tsayar da zawo irin su Imodium ba a ba yara ƙanana, ba a kuma ba duk mai zazzaɓi ko jini a bayan gida. Yana kwantar da motsin hanji ne, ƙwayar cutar ta zauna a ciki. Kafso ja da yalo, wato tetrasaikilin, ba na yaron da bai kai shekara 8 ba ne, ba kuma na mai ciki ba, yana ɓata haƙora. Mai gudawa ya guji ibufurofen da diklofenak, saboda suna iya illata ƙodar da ruwa ya yi wa kaɗan. Farasitamol ya isa ga zazzaɓi. Jiƙe-jiƙen wankin ciki kuma a ajiye su, cikin da ke zubar da ruwa ba ya bukatar abin da zai ƙara masa gudu.

Sayen antibayotik guda biyu ko huɗu, a sha a ji sauƙi a bari, yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wannan ba tsoratarwa ba ce. Tun 2016 aka samu nau'in taifod a lardin Sindh na Pakistan da ya daina jin kusan duk magungunan da aka saba yi masa amfani da su. Yawan shan antibayotik kuma shi kansa yana jawo zawo, domin yana kashe bakteriya masu amfani da ke zaune a hanji.

Mataki na biyar: batun taifod da gwajinta

Taifod ba da zawo take farawa ba. Ƙwayar Salmonella Typhi tana shiga ta abinci ko ruwan da bayan gidan mutum ya taɓa, ta ratsa hanji zuwa jini, sai bayan mako 1 zuwa 3 ciwon ya bayyana. Zazzaɓi ne da ke ƙaruwa kullum, ciwon kai, kasala mai tsanani, rashin cin abinci da ciwon ciki. Babba sau da yawa bayan gida ne ke ƙin fita masa, yara kuma sukan yi zawo. Mutumin da yake kasuwa yana harkokinsa, sai ɗan ciwon jiki da ɗacin baki, da wuya a ce taifod ke damunsa.

Gwajin Widal, wanda aka fi yi a garuruwanmu, tun 1896 aka ƙirƙiro shi. Ba ƙwayar cutar yake nema ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa. A wurin da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko danginta, sakamakon yana iya hawa alhali mutum lafiyarsa ƙalau, kuma maleriya ma tana ɗaga shi. Daga nan ne ake samun mai cewa duk wata sai ya yi taifod, ana yi masa allurai da ƙarin ruwa, ainihin abin da ke damunsa kuwa ba a gano shi ba.

Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a ɗebi jini a raine shi a ɗakin gwaji na 'yan kwanaki har ƙwayar ta tsiro, sannan a gwada magungunan da ke kashe ta. Ma'aikata suna kiransa kalca. Ya fi tsada, kuma sai a manyan asibitoci, amma idan zazzaɓi ya haura kwana 3 zuwa 5 kuma gwajin maleriya bai nuna komai ba, ku tambayi likita ko zai yiwu. A ɗebi jinin kafin a fara antibayotik. Idan an riga an sha wani abu a gida, a tafi da kwalinsa a nuna.

Idan likita ya rubuta magani, ko wanda ya dace ne zazzaɓin yakan ɗauki kwana 3 zuwa 5 kafin ya sauka, don haka kada a canza a rana ta biyu. A shanye shi duka. Taifod ɗin da aka yi wa riƙon sakainar kashi tana iya huda hanji a mako na biyu ko na uku. Alamar ita ce ciwon ciki mai tsanani farat ɗaya, ciki ya kumbura ya yi tauri, ko bayan gida ya zo da jini. Wannan aikin tiyata ne, kowace awa tana da muhimmanci. Bayan warkewa, idan zazzaɓi ya dawo cikin makonni kaɗan a koma asibiti. Wasu kaɗan kuma ƙwayar tana maƙalewa a matsarmamarsu, su ci gaba da fitar da ita a bayan gida wata da watanni ba su sani ba. Mai sayar da abinci ko mai girkin gida da ya tashi daga taifod ya nemi a gwada bayan gidansa.

Gyambon ciki yana da nasa tsari

Shekaru da yawa likitoci sun ɗauka damuwa da yawan tsamin ciki ne ke sa gyambo. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raini wata ƙwaya daga tumbin majinyata, wadda ake kira Helicobacter pylori yanzu. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, yawanci tun suna yara suka ɗauka a gida. Mafi yawansu ba ta yi musu komai, amma ita ce babbar sanadin gyambon tumbi da na farkon hanji, kuma tun 1994 aka sa ta cikin abubuwan da ke jawo sankarar tumbi.

Sanadi na biyu shi ne magungunan ciwon jiki: asfirin, ibufurofen, diklofenak, Feldene, da haɗin ƙwayoyin da masu talla ke ƙulla wa leburori da manoma a leda don gajiya. Yunwa da yaji suna tayar da zafin, amma ba su ne ke yin gyambon ba.

Abin yi ga mai zafin saman ciki da ya daɗe, ko mai tashinsa da dare, ko mai yawan kumburi da gyatsa, shi ne ya fara daina waɗancan magunguna da taba, sannan ya nemi gwajin ƙwayar. Gwajin bayan gida da na numfashi su ne ke nuna tana nan a yanzu. Na jini yana iya nunawa ko da an daɗe da kashe ta. Kafin gwaji a dakatar da maganin rage tsamin ciki, wato omefirazol da danginsa, na mako 2, antibayotik kuma na mako 4, in ba haka ba sakamakon zai ce babu alhali akwai. Idan an same ta, maganin haɗi ne: mai rage tsamin ciki ɗaya da antibayotik biyu ko fiye, galibi na kwana 14. Yana da ɗaci a baki, yana iya sa tashin zuciya, kuma a nan mutane ke yankewa a kwana na biyar. Wanda ya yanke ya bar wa kansa ƙwayar da ta fi wuyar kashewa. Bayan mako 4 da gamawa a sake gwaji a tabbatar ta tafi. Madara da jar kanwa da farin ruwan maganin kemis suna kwantar da zafi na ɗan lokaci kawai. Mai gyambon da bai warke ba ya ga likita kafin watan azumi, a tsara masa shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, ko a gaya masa gaskiya idan azumin zai cutar da shi.

Baƙin bayan gida mai danƙo da wari, aman jini, rama ba dalili, abinci yana tsayawa a ƙirji, ko ƙarancin jini, duk suna bukatar a leƙa tumbi da na'ura ba tare da ɓata lokaci ba. Dattijo ko mai ciwon sukari ko hawan jini da zafi ya taso masa a saman ciki da gumi da sarƙewar numfashi, kada a ce olsa ce. Bugun zuciya ma haka yake zuwa.

Mataki na shida: a kare sauran mutanen gida

Mafi yawan waɗannan ƙwayoyi hanyarsu ɗaya ce, daga bayan gida zuwa baki. Bayan tsarki a wanke hannu da sabulu, domin ruwan buta kaɗai ba ya cire su. A ajiye sabulu a bakin banɗaki, in babu a yi da toka. Haka bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin dama fura, kafin cin abinci. Kashin yaro ba shi da wani tsarki ta fuskar cuta, a juye fo a masai nan take. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu kafin cin tuwo raba cuta yake yi, a riƙa zuba wa juna daga buta.

Ruwan sha a tafasa shi har ya yi minti 1 yana tafarfasa, ko a sa masa kulorin irin WaterGuard ko Aquatabs bisa ma'aunin da ke jikinsa, a jira minti 30. Alam yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, don haka bayan alam sai an tafasa ko an sa kulorin. Ruwan 'yan garuwa da na rijiya duk haka za a yi musu, har da wanda za a yi zoɓo, kunun aya ko ƙanƙara da shi, domin sanyi ba ya kashe su. Randa a rufe ta, a ware mata moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita. Mai haƙa sabuwar shadda ya nisanta ta da rijiya aƙalla mita 30.

Nama da kaza su dahu har ciki, tsire da balangu a ci su da zafinsu. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba firji, ragowar miya kuma a tafasa ta sosai kafin a ci. Latas da kabeji da karas na lambun da ake ba ruwan kwata a wanke su da ruwa mai kulorin, a lokacin annoba kuwa gara a haƙura da ɗanyen ganye.

Idan kwalara ake zargi, mutum ɗaya ya ɗauki jinyar, shi kuma kada ya taɓa girki. Amai da zawon a zuba musu ruwan bilic kafin a juye a masai, tufafi da shimfiɗa a jiƙa su a ruwan kulorin ko a tafasa, kuma kada a wanke su kusa da rijiya ko a rafi. Idan rai ya yi halinsa, gawar mai kwalara tana ɗauke da ƙwayar sosai. A bar jami'an lafiya su ja gaba wajen wanka da suturta ta, masu wankan su sa safar hannu, kada kuma su shiga hidimar abincin zaman makoki. A sanar da asibitin unguwa ko jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma tun daga mutum na farko, domin a binciki ruwan da aka sha a zuba masa magani. A Najeriya ana kiran NCDC kyauta a lamba 6232, a Nijar kuma a sanar da likitar da ta fi kusa.